Tambayi Anti: An yi min takmim amma kwaɗayin kunafa ya ƙi barina

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan takmim ne, wato aikin rage tumbi, abin ya yi yawa a Makka da Jidda har mutanenmu ma sun shige shi sosai. Na ɗauko huɗu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki ya ƙoƙari. Ni matar aure ce a nan Rusaifa cikin Makka, yarana uku, wata 9 kenan da aka min takmim. Wlh da farko har mamakin kaina nake, sai in wuni ban tuna da abinci ba sai mai gidan ya ce wai kin sa wani abu a cikinki kuwa, kilo 31 na sauke. Amma yanzu kusan wata biyu yunwa ta dawo kuma ba ta abinci ba ce zaƙi kawai nake so, musamman bayan isha'i in yara sun kwanta shi kuma yana wajen aiki sai ɗayan dare yake dawowa. Nama loma uku zan yi ya tsaya min a ƙirji, amma kunafa da basbusa, kayan zaƙin nan na Larabawa, da shayin madara da biskit lafiya lau suke wucewa ko gezau. Sikeli ya tsaya cak sati 5. Uwar mijina ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala an zubar da riyaloli a banza. Dan Allah Anti tumbin ne ya buɗe? aikin ya lalace kenan?

AMSA: 'Yar'uwa ki kwantar da hankalinki tukuna. Tumbin da ya kasa karɓar nama loma huɗu ai da wuya a ce ya buɗe, ke da kanki kin ba da amsar a cikin tambayar. Gaskiya ne yana ɗan saki a hankali cikin shekarar farko, wannan kowa ma haka ne, amma ba ya komawa yadda yake a da, kuma in ma ana tantama likita ne zai duba da hoto ko manzar, wato na'urar leƙa cikin tumbi, ba uwar miji ba, Allah ya ƙara mata lafiya.

Bari ki ji abin da aka yi miki a ɗakin tiyata. A takmim ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage siriri ne mai ɗaukar kamar mililita 100 zuwa 150. To a can saman da aka cire ɗin ne jiki yake yin yawancin wani sinadari da ake ce wa girelin, shi ne mai kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa ana jin yunwa, masu bincike a Japan ne suka gano shi a 1999. Shi ya sa watannin farko kika manta da abinci, ba ƙarfin hali ba ne kika yi na musamman, ɗan aiken ne aka sallama. Sai dai jiki ba ya zama haka har abada, wasu sassan hanji ma suna yin girelin kaɗan kaɗan, ga shi jiki ya ga kitse yana ta zubewa ya fara neman hanyar riƙe abin da ya saura, saboda haka daga wata 6 zuwa shekara ɗaya da wani abu mutane da yawa suna jin yunwa ta fara leƙowa. Daidai lokacin da kike ciki kenan. Tsayawar sikeli na 'yan makonni ma abu ne sananne, yawancin saukar nauyi a cikin wata 12 zuwa 18 na farko yake faruwa kuma ba a jere yake tafiya ba, yana sauka ya tsaya ya sake sauka.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne wancan da kika ce kunafa tana wucewa nama yana tsayawa, don a nan ne mutane suke faɗawa ba su sani ba. Ƙaramin tumbi abinci mai tauri kawai yake iya tsarewa, nama, ƙwai, kifi, wake, waɗannan suna zama a ciki su daɗe sai ki ji kin ƙoshi. Biskit ɗin da kika tsoma a shayi kuwa kafin ya isa ciki ya riga ya zama kunu, haka ayis kirim, haka cakulan, haka cibs, haka basbusa da ta sha ruwan sukari, duk sulalewa suke yi su wuce hanji su bar wajen fayau, bayan rabin awa kin sake miƙa hannu. Mutum zai iya shigar da abincin yini guda ta wannan hanyar bai taɓa jin cikinsa ya cika ko sau ɗaya ba. Kuma abin haushin, saboda naman yana ba ki wahala sai ki guje shi, in kin guje shi furotin ya yi ƙaranci, in ya yi ƙaranci yunwa ta ƙaru, sai a koma wajen biskit. Haka ake ta zagaye.

Don haka gyaran daga naman zai fara, ba daga kunafar ba. Ana so ki samu furotin giram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne, kofin laban, wato nono, wajen 8, tsokar kaza dafaffiya giram 100 tana ba da wajen 30, kin ga ba abin da za a samu da wasa ba ne sai an shirya masa. Ki bar busasshen nama yanzu, ƙirjin kaza da aka gasa ya bushe, tsire, kilishi, naman jiya da aka ɗumama, su ne masu tsayawa a ƙirji. Ki koma farfesun cinyar kaza da ya dahu luguf, niƙaƙƙen nama a cikin miyar kuɓewa ko kuka, kifi, alale, ful (dafaffen wake) ba tare da tamis (burodi) ba, adas. Loma ƙarama, ki tauna har ki gaji da taunawa, ki ajiye cokali tsakanin loma da loma, cin abinci ɗaya ya ɗauke ki minti 20 zuwa 30. Furotin ɗin ne farko a faranti, sai ganye, shinkafa in akwai sauran waje. Ruwa kuma kada ki haɗa shi da abinci, ki bari sai bayan minti 30, in kin haɗa ko dai ya cika wajen ki yi amai ko ya kore abincin da wuri yunwa ta dawo.

Yanzu maganar daren. Ki lura fa da lokacin da kika faɗa, yara sun kwanta, mai gida ba ya nan, gida shiru, ke da waya da talaja, wato firiji. Ni a ganina rabin wannan kwaɗayin kaɗaici ne da sabo, kuma wuƙar likita ba ta kai nan ba, ba ta taɓa kaiwa ba a kan kowa. Zaman gidan mace a ƙasar nan ba kamar na Kano ko Zariya ba ne da za ki yafa mayafi ki leƙa maƙwabta, ana iya yin kwanaki ba a taka ƙofar waje ba, to dole baki ya nemi aikin yi. In abin ya taso ki fara da kurɓar ruwa, don ƙishi yana yawan zuwa da kamar yunwa, balle a Makka da zafi ke haura digiri 45 da rani ga iyakwandishan yana busar da mutum, lita ɗaya da rabi zuwa biyu ake so a rana kurɓi kurɓi. Ƙwannafi ma haka, takmim yana yawan kawo shi kuma wani lokacin cizon da yake yi a ƙahon zuci sak yunwa, in kina jin tsami a maƙogwaro ki faɗa wa likita akwai maganinsa. In kin sha ruwan abin bai lafa ba ki tambayi kanki, da dafaffen ƙwai aka ajiye min yanzu zan ci? In eh, yunwa ce, ki ci ƙwan ko zabadi, wato yogot, marar sukari. In a'a sai kunafa, to ki tashi daga inda kike zaune, ki kira 'yar'uwarki a gida, ki yi goge goge, ki yi wanka, yawanci ba ya daɗewa yake sauka. Kuma ki daina jiran mai gida har ɗayan dare ido biyu in zai yiwu, rashin barci da kansa yana ƙara son zaƙi.

Ban ce kin rabu da kunafa har abada ba, masu rantsuwa da hakan su ne muke samu sun cinye tire guda ran da rantsuwar ta karye. Cokali biyu, da rana, bayan kin ci abinci, a cikin mutane, sau ɗaya a mako misali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ajiye ta a talaja. Ki ce wa mai gidan ya daina biyowa da ita in zai dawo, biskit ɗin yara kuma a sayo na ranar kawai a bagala, wato shagon unguwa, maimakon katon. In kuma kin ga abin ya fi ƙarfinki, kina ci a ɓoye kina kuka, ko kina ci ki je ki yi amai da gangan, wannan kam ki koma asibitin da aka miki aikin ki ce a haɗa ki da likitan abinci da na ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne kuma suna ganin irinsa kullum.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni daga Jidda, wata 5 da aikina. Abin nawa ma kunyar faɗa nake, ƙanƙara nake ci kamar me, in ta ƙare a firiza har raina ɓaci yake, ga shi na sa an kawo min farar ƙasa daga Najeriya ina ɗan gutsira. Gashina yana zuba, in na hau bene sai haki. Bitamin ɗin da aka rubuta min na daina sha tun wata na biyu don tada min zuciya yake. Ko juna biyu ne? na gwada babu.

AMSA: Ƙanwata ki je a ɗebi jininki cikin satin nan, ba sai wata mai zuwa ba. Son ƙanƙara da farar ƙasa ga haki ga kasala, wannan sanannun alamun ƙarancin sinadarin ayon ne, wanda a nan ake ce wa hadid. Ki ce a duba miki yawan jini da feritin, wato ajiyar ayon ɗin, da B12 da bitamin D. Dalili kuwa, tsamin da tumbi yake fitarwa shi ke taimakawa a tsotsi ayon daga abinci, an rage tumbin tsamin ya ragu, nama kuma ba kya iya ci da yawa, ga al'ada kowane wata tana ɗiba, sannan kika ajiye bitamin. B12 shi ma sai da wani sinadari daga tumbi yake shiga jiki, kuma ƙarancinsa in ya daɗe jijiyoyi yake taɓawa.

Farar ƙasar nan ki zubar da ita yau. Tana riƙe ɗan ayon ɗin da kika samu ta hana shi shiga jini, tana busar da ciki, a ƙaramin tumbi irin naki kuma har toshewa tana iya kawowa. In aka gyara jinin za ki ga kwaɗayin ya tafi da kansa, ba sai kin yi ta faɗa da zuciyarki ba. Bitamin kuma in yana tada miki zuciya ai canzawa ake yi ba dainawa ba, akwai na taunawa akwai na ruwa, ana iya sha bayan abinci ko dab da kwanciya, in ƙwayar ayon ta gagara akwai wanda ake sa wa a jijiya a asibiti. Kada ki sha ƙwayar ayon da shayi ko gahawa ko madara, ƙwayar kalsiyom ma ki raba su da kamar awa biyu. Gashi kuwa tsakanin wata 3 zuwa 6 yawancin masu aikin nan suna ganin yana zuba, yana dawowa in furotin da jini sun daidaita, kada ki ƙarar da kuɗinki a kan mayuka. Tunda kin ambaci juna biyu, likitoci suna cewa a jira wata 12 zuwa 18 bayan aiki, kuma ki sani haihuwa tana saurin buɗewa in nauyi ya sauka, ki yi magana da likita kan tsarin da ya dace da ke.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ni direba ne a Madina, shekara ɗaya da rabi da aka min tahwil masar, wato aikin sauya hanyar abinci a ciki, saboda ciwon suga. Alhamdulillah sugan ya yi sauƙi. Matsalata azuma, wato gayyatar cin abinci, kin san mutanenmu da Larabawa in an shimfiɗa sufura ba a tashi, a cika maka gaba da kabsa a miƙo Pepsi, kafin nan an sha gahawa da dabino. In na ci sai zufa ta karyo min zuciya ta yi ta bugawa, wani lokacin kuma sai bayan awa biyu ina tuƙi hannuna ya kama rawa in ji in ban sha zaƙi ba zan faɗi. In na sha ya lafa anjima ya dawo. Kuma ba na son kowa ya san an min aiki.

AMSA: Alhaji naka ya fi na kowa gaggawa saboda sitiyari ne a hannunka da rayukan mutane a baya. Abin da kake kwatantawa likitoci suna ce masa damfin, kuma iri biyu ne duk ka haɗa. A aikinka an bar maka 'yar jaka ce da ba ta fi mililita 30 ba a farko aka haɗa ta kai tsaye da hanji, babu ƙofar da take tsare abinci tana sakinsa kaɗan kaɗan. In ka zuba dabino da farar shinkafa da lemo sai su faɗa hanji gaba ɗaya, hanjin ya jawo ruwa daga jini, cikin minti 10 zuwa 30 ga zufa ga bugun zuciya ga murɗar ciki, wannan na farkon kenan. Na biyun shi ne mai zuwa bayan awa 1 zuwa 3, sugan ya haura da sauri jiki ya saki insulin fiye da kima, sai sugan ya faɗo ƙasa warwas, shi ne rawar hannun da wannan mugun son zaƙin. To wannan kam jini ne yake kira, amma in ka amsa da gwangwanin lemo ka sake kunna abin daga farko, shi ya sa yake dawowa.

Ka riƙa yawo da na'urar gwajin suga a mota. In ka ji alamar ka faka nan take ka gwada, in ya yi ƙasa da 70 ka sha kamar rabin kofin asir, wato ruwan 'ya'yan itace, ka jira minti 15 ka sake gwadawa, sannan ka bi shi da abu mai riƙe ciki, gyaɗa ko cuku ko ƙwai, kada ka tada mota sai ka dawo daidai. Ka rubuta lambobin da abin da ka ci ka kai wa likitanka, musamman in har yanzu kana shan wani maganin suga, wataƙila ya yi maka yawa yanzu. Lemon gwangwani ka haƙura da shi kawai, na mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35 ga iskar da take kumbura ciki, ita kanta gwamnatin Saudiyya a 2017 ta ɗora masa harajin kashi 50 cikin 100 don mutane su rage.

A wajen azuma kuma abin da sauƙi fiye da yadda kake tsammani. Kabsa da mandi ai da nama suke zuwa, ka sa hannu a naman ka yi ta yagar ƙanana kana hira, shinkafa loma biyu a ƙarshe, dabino ɗaya tak kuma bayan nama ba kafinsa ba. Wanda yake cin abinci a hankali yana surutu ba mai lura da yawan abin da ya ci, wanda ya naɗe hannu shi ake sa wa ido. In an matsa ka ce likita ya hana ni saboda suga, gaskiya ka faɗa kuma ba Bahaushe ba Balarabe da zai ja da wannan. Amma iyalinka da aboki ɗaya da kuke yawan tafiya tare lallai su san da aikin, ko don ran da za ka faɗi a kai ka asibiti. Af, tunda direba ne kai na san ciwon baya ba ya rasa ku, ka nisanci burufen da diklofenak da danginsu, da taba da shisha, suna kawo gyambo a daidai wajen ɗinkin.

TAMBAYA: 'Yata ce aka yi wa takmim sati 3 da suka wuce, muna Hindawiyya. Ruwa ruwa kawai take sha duk ta rame tana ta mafarkin tuwo, ni kuma tausayi take ba ni. In tuƙa mata mai laushi? Sannan azumi in ya zo za ta iya?

AMSA: Mama Allah ya saka da alheri, amma a rufa mana asiri a ajiye muciyar nan tukuna. Ɗinkin cikin bai gama warkewa ba, kuma tuwo da shinkafa da burodi da taliya cunkushewa suke yi su kumbura, su ne ma na ƙarshe da ake komawa. Tsarin da aka fi bi shi ne kamar sati 2 na ruwa ruwa, sati 2 na abin da aka niƙa ya yi sumul, sai mai laushi, abinci sosai kuma sai wajen sati 6 zuwa 8, amma takardar da likitanta ya ba ta ita ce gaba da maganata. In ta kai matakin niƙaƙƙe ki dafa mata miyar kuka ko kuɓewa da kaza ki markaɗa su tare, ƙamshin daddawar nan kaɗai zai rage mata kewar tuwon. Fura da kunu mai sukari a bari, nono ko laban marar sukari ya fi. In kuma tana amai kullum ba ta riƙe komai, ko zazzaɓi, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, a tafi asibiti a daren ba sai da safe ba, yawan amai yana ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni kuma illarsa ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Azumi kuwa, wanda ba ya iya shan kofin ruwa a tashi ɗaya ba zai iya rama ƙishin yini guda tsakanin magariba da asuba ba, shi ya sa likitoci da yawa suke hana shi a watannin farko. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Baƙara aya ta 184 da 185, ta tambayi likitanta ta tambayi malami, ta rama daga baya. Shekarar da aka ba ta izini kuma ta buɗe baki da ruwa kurɓi kurɓi, ta yi sallah, sannan shurba da nama ko ƙwai, sambusa da lugaimat da Vimto da subiya a bar wa sauran 'yan gida, sahur kuma a jinkirta shi a yi da zabadi ko ful.